Takobin Gora a Garwa

A wayar ƙanena na fara ganinsu:
mutum biyu, fuska a bayan ragar ƙarfe,
ƙafa ba takalmi, kowa riƙe da gora.
Suka tsaya. Suka daɗe a tsaye
har na ɗauka wayar ce ta maƙale.
Sai ihu ɗaya, sai ƙas!
Shi ke nan, suka rusuna wa juna.

Ni mahauci ne, ɗan mahauci.
Shekara ashirin wuƙa na hannuna,
ko ido a rufe na san inda gaɓa take,
amma ban san ana riƙe makami a yi shiru ba.
Shirun nan ne ya hana ni barci.

Kendo ake ce masa, in ji yaron, na Japan ne.
Na ce, to a nan Garwa ina ake yi?
Ya yi dariya har ya ƙware.

Na je Rumde Ajiya da yamma,
'yan karate na ta naushin iska.
Malaminsu ya ce, mu hannu ne makaminmu, gwada 'yan judo.
'Yan judo suka ce, mu kayarwa muka iya, gwada Yawunde.
Yawunde! Yini a mota, kwana a jirgin ƙasa,
wa zai tsare mini teburin nama?

Ɗan acaɓa ya sauke ni wurin wani ɗan Sin
mai sayar da famfo a bayan kasuwa.
Ya saurare ni tsaf, ya girgiza kai:
ƙasarsu daban, tamu daban, akwai teku a tsakani.
Ko kana son famfo?

Maƙerin unguwarmu ya ce in kawo jaka takwas
ya buga mini takobi mai jan kube.
Na ce ba ƙarfen nake nema ba.
Ya ce, to me kake nema?
Na rasa ta cewa. Na miƙa masa wuƙaƙena ya wasa.

An ce mai nema yana tare da samu,
ba a ce samun zai zo sayen hanta ba.
Wata Laraba, ciniki ya mutu,
na ɗaga sandar korar ƙuda bisa kaina
yadda na gani a waya,
sai murya ta ce daga bayana,
gwiwar hannunka ta buɗe da yawa.

Baba Hamajoda ne, mai farin gemu,
tsohon malamin gona na Lagdo.
Ashe an taɓa tura shi Japan wata takwas
koyon noman shinkafa.
Ya dawo da littafin rubutu ɗaya da takobin gora
wanda jikokinsa ke kakkaɓo mangwaro da shi.

Yanzu bayan asuba muna haɗuwa a sitonsa,
tsakanin buhuna, ƙamshin dusa na shiga hanci.
Makon farko shara na yi.
Na biyu ya koya mini tafiya, ni mai 'ya'ya huɗu.
Da aka zo rusunawa na ce, Baba, ruku'u na Allah ne.
Ya ce, haka ne. Wannan gaisuwar suruki ce, kada ka wuce nan.

Mun zama huɗu: da Dudu, nas ce a asibitin gari,
tana zuwa kai tsaye daga aikin dare,
da wani ɗan sakandare da ba ya magana.
Ragar tsohuwar fanka ce kariyar fuskarmu,
baduku ya ɗinka mata auduga yana ta tambayar
yaƙin wa za mu je.
Dudu ta doke ni sau tara a ka.
Na ƙirga.

Ba mu da allo a ƙofa, ba mu da suna.
A kasuwa kuwa, kafin in sauke wuƙa kan ƙashi
nakan tsaya numfashi ɗaya.
Masu saye na ɗauka lissafin kuɗi nake yi.